Tukunya uku, ashana babu

Mu biyar ne, mota ɗaya, kuma mun yi alkawari da an idar da sallar asuba za mu bar Kano mu kama hanyar Yankari. Har ƙarfe goma da rabi muna ƙofar gidan mai motar, but a buɗe, kaya zube a kan tabarma kamar 'yan gwanjo, yaran unguwa sun kewaye mu suna tambaya ko tashi za a yi daga gidan. Alhali kwana biyu kacal za mu yi.

Ƙannena masu shirin fita yawon buɗe ido da abokai, laifin nawa ne. Ni na buɗe zaure a WhatsApp saboda tafiyar, ni kuma na rubuta cewa kowa ya taho da abin da ya ga za a buƙata. Kada ku kuskura ku rubuta irin wannan magana. Abin da ta haifar shi ne tukunya uku, buta huɗu, katan biyu na Indomie, ga tukunyar gas wadda sai da muka girgiza muka ji ba komai a ciki. Gishiri babu, wuƙa babu, ashana babu, don kowa ya ɗauka ai wani zai kawo. Kayan da za a yi tarayya a kansu, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya, a sa sunan mutum a gaban kowanne, a kuma haɗa su wuri guda tun daren jajibiri.

A kan kayan kansa kuwa ba wanda ya yi sakaci. Wani ya zo da babbar riga biyu da huluna a kwali, wai saboda hoto. Na ce, "Mutumina, daji fa za mu, giwa ce za ta ɗaura maka aure?" Ya ce ba ruwana. Ƙaraminmu ya rungumo sifika mai girman ƙaramin firji. Ni da nake musu dariya, takalmi ƙafa uku na cusa a buhun bakko, na manta gajeren wando, ga shi rabin dalilin tafiyar wanka ne a ruwan Wikki, mai ɗumin nan da ke zama kusan digiri 31 rani da damina.

Da but ya ƙi rufuwa sai mai motar ya ce a cire tayar safaya a samu wuri. Na goyi bayansa, har da cewa ai hanyar lafiya lau take. Mun fito da ita ke nan mahaifiyarsa ta leƙo daga zaure da kular dambun nama da ta yi mana guzuri. Ta dubi tayar, ta dube mu.

"Wa ya cire wannan?"

Muka yi tsit. Ɗanta ya ce, "Umma, wuri ne ya yi kaɗan."

"To ku ajiye tukwane biyu da wancan abin kiɗan. In kun ƙi, ku ajiye min makullin motar."

Muka mayar da taya. Sifika dai ta bi mu, a kan cinyar mai ita, tun daga Kano har Bauchi.

Mun wuce Wudil da Birnin Kudu lafiya, muna barin Ningi tayar baya ta yi faci. Muka yi ta sa wa Umma albarka, sai dai jak da sifana suna can ƙasan but, a ƙarƙashin duk abin da muka ɓata awa biyu muna dannawa. Haka muka sake baje kayanmu a gefen titi, masu wucewa na rage gudu suna kallon kwalin huluna. Tun daga ranar in ana loda mota nake tsayawa a kai: abin da za a nema a hanya, irin su jak, sifana, tocila, ruwa, buta da darduma, shi ake sawa a ƙarshe. Abin da sai an isa za a taɓa shi ya tafi ƙasa.

Ku kuma yi lissafin hanya da gaskiya. Mu Bauchi muka sa a ranmu, kamar da an shiga gari an iso. Ashe sai an bi titin Gombe an karya kwana a Dindima, an je ƙofar shiga a Mainamaji, daga nan kuma akwai wajen kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki. Da duhu muka isa, zagayen yamma na kallon namun daji ya wuce mu, ga shi lokacin rani ne, lokacin da dabbobi ke saukowa bakin kogin Gaji neman ruwa. Sanyin Disamba kuma ya sauko, mutum ɗaya ne a cikinmu ya zo da bargo. Daren nan babbar riga ta yi rana, don ni na roƙi ɗaya na lulluɓa, mai ita yana ta tuna min maganar giwa.

Sai batun birai. An gargaɗe mu tun a wurin karɓar ɗaki cewa a rufe ƙofa da taga, kada a yi yawo da abinci a leda. Muka ji kamar almara. Da safe na ɗauko ledar burodi da kilishi daga mota, na ɗora a kan bonet don in ɗaure igiyar takalmi. Ban ɗago ba na ji fuuu, wani ƙaton biri ya sure ta, ya haye can gefe ya zauna yana yage takardar kilishin a natse yana kallona. Abincin da za ku kai irin wannan wuri ku zuba shi a abu mai murfi da ke kulluwa, ku bar shi a ɗaki. Kular Umma kaɗai ta tsira, ita muka ci safe da rana.

Indomie ta dawo Kano katan biyu cif, ba a buɗe ko ɗaya ba. Wankan Wikki kuwa na yi shi, da dogon wandon shadda, yana kumbura da iska a cikin ruwa, ƙaraminmu yana ɗauka a waya.