Waɗanda suka yi jinyar Inna tare da mu

Yau kwana arba'in da rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta. Da likita ya ce kansar ta bazu har hanta, sai aka haɗa mu da sashen kula da marasa lafiyar da cutarsu ta gagari magani. Na ɗauka sallamarmu aka yi. Ashe ba haka ba ne.

Nas ɗin da take zuwa gida ba ta taɓa shigowa ba sallama ba. Takan durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana, ya jiki?" ko da Inna ba ta iya amsawa. Ita ta koya mana juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya, da jiƙa mata leɓe da auduga, da ba ta ruwan mofin, maganin rage zafin ciwo, duk awa huɗu, tun kafin ciwon ya taso. Daren farko da Inna ta yi barci ba nishi, kuka na yi.

Inda suka gaza: maganin ya yanke ranar wata Asabar, wayarsu kuma ba ta shiga sai Litinin. Kwana biyun nan har yau suna cina.

Ranar ƙarshe kuwa nas ɗin ta ja gefe, ta bar mu muna laƙƙana wa Inna kalmar shahada.