Sa hannun shugabar makaranta bai wadatar ba

Ƙannena masu shirin rubuta kundin bincike a fannin ilimi, ko a Gombe kuke ko Kashere, ko a Bauchi ko Azare, ku saurari abin da ya same ni kafin ku shiga makarantun mutane da takardun tambayoyi.

Lokacin da nake digiri na biyu, bincikena a kan abin da ke fitar da 'yan mata daga ƙaramar sakandare ne. Kwamitin tsangayarmu mai duba ɗa'ar bincike ya dawo mini da takarduna har sau biyu, yana tambayar yadda zan nemi yardar iyaye da inda zan adana amsoshi. Na ɗauka jan rai ne kawai. Na rubuta musu abin da suke son gani, amma da na isa makarantar, a wani gari na jihar Bauchi, sai na tsaya ga shugabar makaranta. Ta sa hannu, aka tara mini aji, malama na tsaye a bakin ƙofa.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san yarinya ba ta musa wa babba, balle baƙo daga jami'a. Na tambaye su maganar talla da aure da rashin kuɗin gida, suka amsa kai a sunkuye, ni kuwa na lissafa wannan a matsayin yarda. Iyayensu ba su sani ba. Yau Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a tattara bayanan yaro, amma ko babu doka hakkinsu ne. Mu da muka ga yadda gwajin Trovan, maganin da aka gwada domin sanƙarau, a kan yara kusan 200 a Kano a 1996 ya zubar da amana saboda zargin ba a nemi yardar iyaye yadda ya kamata ba, har tsoronsa ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, bai kamata a tuna mana ba.

Don haka ku rubuta takardar neman yarda da Hausa ko Fulatanci, ku karanta wa uban da bai yi boko ba. Malami ya fita kafin a fara, kuma ku faɗa wa yara ƙarara cewa wadda ba ta so, ba abin da zai taɓa makinta. Lamba za ku sa a madadin suna, hotunansu kuma kada su hau WhatsApp.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na wata malama. Ta amince da ni, ta faɗa mini yadda ake karɓar kuɗin da ba ya bisa ƙa'ida a hannun ɗalibai. Na cire sunanta, amma na rubuta cewa malamar lissafi ce, alhali mace ɗaya ce ke koyar da lissafi a makarantar. Kuma da hannuna na kai musu kwafin kundin. Aka tsangwame ta har ta nemi canjin wurin aiki. Kwamitin ya gargaɗe ni a kan irin wannan, ban tsaya na karanta da kyau ba.

Na je har gida na ba ta haƙuri. Ta yafe, amma ta ce, "Malam, ai kai ka ce ba wanda zai gane ni ce." Ban sami abin ce mata ba.