Kafin ka buɗe ƙofa ta 25 a gidanka

Aikin ɗan kamfaninmu a Agege shi ne haɗa wa 'yan kasuwa kwamfuta da intanet. Wasu, musamman masu shaguna a Computer Village da ke Ikeja, kan ce: "Malam, a sa mini sabar imel a gida, ba na son wasiƙuna su kwana a hannun wani." Sabar imel ita ce kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin imel. Buƙata ce mai kyau, amma akwai abin da muke faɗa musu tukuna.

Karɓar saƙo daga waje yana bukatar a bar ƙofa ta 25 (port 25, mashigar da imel ke bi ta intanet zuwa saba) a buɗe dare da rana, kuma ba a tambayar mai shigowa kalmar sirri. Kowa a duniya zai iya magana da na'urar da ke ɗakinka. Idan manhajar tana da ɓaraka, shi ke nan. A 2019 an gano irin wannan a Exim, wata manhajar sabar imel, daga siga 4.87 zuwa 4.91: adireshin mai karɓa da aka rubuta da mugun nufi ya isa a ba sabar umarni daga nesa. Shi ya sa ba ma wasa da sabunta manhaja.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa a saiti yake. A Postfix, wata manhajar sabar imel ita ma, idan aka faɗaɗa layin mynetworks (jerin na'urorin da aka yarda su aika saƙo ta sabar) fiye da kima, sai sabar ta riƙa isar da saƙon kowa zuwa ko'ina. 'Yan damfara na gano ta, su turo dubban saƙonni ta adireshinka, Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu turo saƙon banza, ta sa ka a jerin baƙaƙe, wasiƙarka ta halal ma a daina karɓa. Haka kuma saƙon da aka aiko wa sunan da babu shi, a ƙi shi tun a bakin ƙofa. In aka karɓa sannan aka mayar, kan wanda 'yan damfara suka ari adireshinsa a matsayin mai aikowa zai faɗa.

Muna ware sabar a nata layin, ta yadda ko an fasa ta ba za a kai ga kwamfutar lissafi ko kyamarar gida ba. Manhajojin Rspamd da ClamAV su tace saƙon banza da mai ɗauke da cuta, manhajar fail2ban kuma ta toshe mai ta gwada kalmar sirri a ƙofa ta 587 da 993, inda mai akwati ke aika saƙo da karanta shi.

Ɗauke wuta ba ya ɓatar da saƙo nan take, domin mai aikowa yakan yi ta gwadawa kwana 4 zuwa 5. Amma yana iya lalata faifan ajiya na sabar, don haka inbata dole ce. Ga yawancin masu zuwa wurinmu, shawararmu ita ce a yi hayar ƙaramar saba a waje ta karɓi saƙon, ta tace, ta miƙo gida ta WireGuard (keɓantacciyar hanyar sirri tsakanin na'urori biyu), ƙofa ta 25 ta gidan kuma ta zauna a rufe.