Faɗa-wuta mai yawon rana

Ranar Juma'a da yamma ƙanwata ta miƙo min wayarta ta ce, "Yaya, dubi wannan malam-buɗe-littafin." Na karɓa na duba. Fukafukai baƙi ƙirin da ratsin kore mai sheƙi, can ƙasa kuma ja da ruwan lemo da shuɗi sun cakuɗe kamar sararin sama dab da magariba. Fukafukan baya na da jela-jela, bakinsu da farar geza kamar ta mayafi. Na ce mata wannan faɗa-wuta ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ban ga laifinta ba. Faɗa-wutan da muka sani shi ne ɗan toka-tokan nan da ke zagaye fitilar ƙwai da dare, in ka kama shi ya bar maka ƙura a yatsa. Wannan kuwa da rana tsaka yake yawonsa, yana shan ruwan furanni. Faɗinsa in ya buɗe fukafukai santimita 7 zuwa 9, kuma a tsibirin Madagaska kaɗai ake samunsa. Masana suna kiransa Chrysiridia rhipheus, daga dangin Uraniidae.

Ai ba ƙanwata ce farkon wadda ya yaudara ba. A 1773 wani Bature ɗan Ingila, Dru Drury, ya fara bayyana shi a rubuce, ya sa shi cikin malam-buɗe-littafi, har ya ɗauka daga Sin aka kawo shi. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, gawar ƙwaron da ya samu, kan wani ƙwaro daban aka liƙa mata, mai ƙahonni masu ƙulli a tsini. To nan ne fa sirrin yake: ƙahon malam-buɗe-littafi yana da ɗan ƙulli kamar kan ashana, na wannan kuwa siriri ne har ƙarshe. Sai a 1823 wani masanin ƙwari ɗan Jamus, Jacob Hübner, ya ba shi sunan jinsin da yake amsawa yau, wato Chrysiridia.

Sheƙin nan kuma ba rini ba ne. Ƙananan ɓawon da ke jere a fukafukin ne suke karya haske, kamar yadda fetur ke yi in ya zube a ruwan kwata da damina. Juya shi kaɗan, launin ya sauya. Tsutsarsa ganyen wata bishiya mai guba, Omphalea, kawai take ci, shi ya sa ake ganin adon nasa gargaɗi ne ga tsuntsaye.

Mutanen Madagaska suna ce masa lolonandriana. A harshensu "lolo" na nufin irin waɗannan ƙwari, yana kuma nufin kurwa.

Duk na zayyana wa ƙanwata wannan. Ta karɓe wayarta, ta ja hoton da yatsa biyu tana neman ƙullin ƙahon, ba ta gani ba. Ta ce ita dai ba za ta kira abu mai kyau haka faɗa-wuta ba, ta mai da shi hoton fuskar wayarta.