Yadda nake ɗaukar dillalan filaye da gidaje a Sakkwato

Ina da ɗan ofis na dillancin gidaje da filaye, kuma abin da ya fi cin lokacina shi ne neman dillalan da za su yi aiki da sunan ofishin. Dillalin kirki ba ya zuwa don ya ga sanarwa a Facebook. Yana da mutanensa, yana cin la'adarsa, dole kai ka tashi ka same shi.

Shi ya sa na ware yammacin Alhamis, ko ana ciniki ko ba a yi. Ina da littafi da na raba unguwa-unguwa: Mabera, Arkilla, Gawon Nama, Runjin Sambo, Dambuwa, har zuwa Kalambaina wajen kamfanin siminti. Kowace unguwa ina so in sami mutum ɗaya da mai unguwa ya san shi, ya san ubansa. Bayan la'asar in je majalisarsu, a sha shayi, ban tada zancen aiki ba. Wani dattijo a Mabera sai da ya gaji da ganina sannan ya ce, "Ɗana, mi kaka so?" Na ce, "Baba, yaron da za ka iya ba makullin gidanka nake nema." Shi ya haɗa ni da wanda yanzu ya fi kowa kawo min ciniki.

Masu ofis irin nawa da ke jira sai ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo sun dawo suna neman ɗaki, ko 'yan kasuwa sun sami kuɗi bayan girbi, sannan su fara neman dillalai, duk wanda ya faɗo hannunsu shi suke ɗauka. Ta nan ake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Kafin in ba sabon dillali aiki, da damina nake gwada shi. In kai shi filin da ke kusa da fadamar Rima, in tambaye shi abin da zai gaya wa mai saye. Duk ɗan garin nan ya san ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a. Wanda ya ce min "ai ruwa ba ya zuwa nan", mun rabu. Sai kuma takardu. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna, don haka dole dillali ya bambanta takardar mai unguwa da shaidar mallaka ta gwamnati, ya kuma san tambayar ko filin gado ne da ba a raba ba.

La'ada kuwa a rubuce muke yin ta tun ranar farko, gaban shaidu, kuma ranar da kuɗi suka shigo ranar nake biya. Dillalan Sakkwato duk sun san juna. In ka riƙe wa na Arkilla haƙƙinsa da safe, kafin magariba na Mabera ya ji.