Yadda na yi fama da ƙarancin jini a cikina na biyu

Laulayi ya wuce, ciki ya shiga wata na huɗu, amma jikina ya ƙi dawowa. In na yi shara sai na nemi bango na jingina. In na ɗago daga ruku'u sai duhu ya gilma mini a ido, zuciya tana bugawa har ina jin ta a kunne. Ga wani kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara da ya sako ni gaba, in aka yi yayyafi ƙamshin ƙasa ya tashi sai yawuna ya tsinke. Duk wadda na faɗa wa sai ta ce, "Ai haka ciki yake, sai haƙuri."

A wurin awo ne wata sista mai manyan shekaru ta ja fatar idona ƙasa, ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce, "Baiwar Allah, kin yi fari fat. Je ki a ɗebi jininki yanzu, ki dawo mini da takardar." Da na dawo ta nuna mini lamba 27 a gaban PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini. Ta ce mai ciki in ta yi ƙasa da 33 to jininta bai isa ba. Kwaɗayin ƙasar nan ma, in ji ta, sau da yawa alama ce ta jiki yana neman sinadarin ayon, wanda da shi ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini.

Bayanin da ta yi mini a tsaye, ga layi a bayana, shi ne ya canza mini tunani. Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin yadda yake a da, kuma ɗan da ke ciki yana ɗibar rabonsa na ayon ko uwar tana da shi ko ba ta da shi. Ranar haihuwa kuwa dole jini ya zuba. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini za ta iya jure zubar da ta kai rabin lita ta tashi ta yi wanka. Wadda ta shiga da jini kaɗan, wannan zubar kaɗai tana iya kayar da ita. Zubar jini bayan haihuwa na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma kowace unguwa a Kano tana da gidan da aka yi irin wannan zaman makoki.

Aka ba ni jar ƙwaya ta ƙarin jini da 'yar ƙaramar rawaya, folik asid, kullum. Aka ba ni Fansidar, maganin maleriya, ƙwaya uku na haɗiye a gabansu, aka ce za a riƙa maimaitawa wata-wata. Na ce ai ba na zazzaɓi. Sista ta ce ƙwayar cutar maleriya tana iya maƙalewa a mabiyiya tana cin jini ba tare da jiki ya yi zafi ba, don haka gidan sauro ma ya zama dole ko da lokacin zafi ne.

Rigimar a gida ta tashi. Hajiya, surukata, ta ga ledar magani a kan madubi ta ce, "'Yar nan, waɗannan ƙwayoyin su ke kumbura yaro a ciki, a zo haihuwa a ce sai an yi wa mutum aiki. Mu da muka haifi tara me muka sha?" Ban yi mata musu ba, don na san tsoro ne da ƙauna suka sa ta magana. Na roƙi maigidana ya raka ni awo na gaba ya ji da kunnensa. Aka faɗa masa maganin ba ya sa yaro ya wuce misali, rashin jinin ne ma ke sa a haifi bakwaini ko jariri ɗan mitsitsi mara ƙwari. Shi ya je ya zauna da mahaifiyarsa suka fahimci juna. Da ni na faɗa da bakina da an ce 'yar boko ta raina manya.

Shan jar ƙwayar nan ba daɗi. Tana tayar da zuciya, tana sa bahaya ya yi tauri ya koma baƙi. Mata da yawa a nan suke ajiye ta. Baƙin bahayan ba komai ba ne, haka maganin yake. Da na koma shan ta da dare bayan na ɗan ci abinci, na ƙara yawan ruwa da gwanda, sai abin ya lafa.

Amma inda aikin yake a kicin ne. Mu a gidajenmu in an ce mace ta ci abinci, ana nufin ta ƙoshi da tuwo ko shinkafa da mai da yaji. Ciki ya cika, jini bai samu komai ba. Kuma in an sa nama a miya, kwanon maigida ake fara cikawa, sai na baƙi, sai yara, ita mai cikin da ta tsaya a gaban murhu ta ƙare da romo da ƙashi. Wannan al'adar tana ci mini rai har yau, domin wadda ta fi kowa buƙatar naman a gidan ita ce ke cin saura.

Ba mu da kuɗin kaza kullum, don haka da abin da ke hannu na yi. Wake ya zama abokin kowace rana: yau alala, gobe ƙosai, jibi faten wake da alayyahu. Da hantsi nakan dafa zogale na tsane shi, na daka ƙuli-ƙuli, na yanka tumatir da albasa, na matsa lemon tsami a kai. Busasshen kifi kuwa nakan cire ƙaya na daka shi lukui na zuba a miyar kuka tare da daddawa, ta yadda ba mai tsame shi ya bar ni da ruwa. Dafaffen ƙwai ɗaya da safe, awara in an samu. Maigida in ya bi ta 'Yankaba yakan ɗauro mini ganye, in ya tsaya wurin mai tsire kuma nawa daban ake ƙunshewa. Hanta tana ƙara jini sosai, amma sista ta ja mini kunne kada na mayar da ita abincin kullum, saboda bitamin A ɗin da ke cikinta yana da yawa, kuma yawansa yana iya cutar da ɗan tayi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shayi. Ni mai son shayi ce, da shi nake kora komai. Ashe ganyen shayi yana riƙe ayon ɗin da ke cikin wake da ganye ya hana hanji tsotsewa, yayin da gwaba da lemo da ɗanyen tumatir ke taimaka masa ya shiga jiki. Sai na raba su: abinci da lemo ko gwaba, shayi kuma sai an jima. Haɗin malt da madarar gwangwani da ake kawo wa masu ciki a matsayin maganin ƙarin jini kuwa, ba shi da wani ayon na a zo a gani. Kuɗinsa ya sayi wake da kifi.

Zuwa wata na takwas jiri ya tafi, lambar ta haura 33, kwaɗayin ƙasa ya ɓace kamar ba a yi ba. Ban fasa awo ba duk da haka. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, kuma a ƙarshen ciki ne hawan jini ke yi wa mata kwanton ɓauna. Ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ganin dishi-dishi, zubar jini, ko yaro ya rage motsi, duk ba a kwana da su a gida. Maƙwabciyarmu kumburin fuska aka ce mata alamar namiji ne, sai da jijjiga ta kama ta aka kwashe ta a mota. Allah Ya yi da sauran kwananta.

A asibiti na haihu. Yarinyar na sauka aka yi mini allurar tsayar da jini, aka ɗora mini ita a ƙirji ta sha dakashi, wanda da can ake matsewa a zubar alhali shi ne rigakafinta na farko.

Da na tafi wankan gida na yi wa Inna magana a kan kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da kwanciya a gadon wuta, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ba a jego ba kunu." Muka tsaya a kan kunun gyaɗa da na tsamiya, ruwan wanka mai ɗumi ba mai salɓe fata ba, da farfesu in an samu. Jar ƙwayar kuma na ci gaba da sha har bayan arba'in, kamar yadda aka rubuta mini a katin sallama.