Abin da Ƙaramin Huji a Gindin Cinya Ya Koya Mini

Na shiga sashen tiyatar jijiyoyin jini da tunanin cewa haɗari yana wurin waɗanda aka yanka wa ciki, waɗanda kuwa aka gyara wa jijiya ta ƙaramin huji a gindin cinya sun tsira. Tun daga 1990, lokacin da Juan Parodi ya gyara kumburin babbar jijiyar ciki ta hanyar zura bututu daga cinya a ƙasar Ajantina, wannan hanya ta rage zubar jini da kwanakin jinya, kuma hakan gaskiya ne. Sai dai wani dattijo ya gyara mini tunani a wani dare.

An buɗe masa jijiyar ƙafa da ta toshe ta irin wannan huji na gindin cinya, bandejinsa fes, babu ko ɗigon jini, amma ya yi ta kukan ciwon baya, zuciyarsa tana bugawa da sauri, awon jininsa kuma yana sauka a hankali. Na ɗauka gajiyar kwanciya ce, har sai da babbar likita ta zo ta nemi a ɗauki hoton cikinsa cikin gaggawa, aka tarar jini yana taruwa a bayan hanji, domin hujin ya hau sama fiye da inda za a iya danne shi. Ya rayu, amma har yau ina jin nauyin mintunan da na ɓata ina duban bandeji maimakon majinyacin.

Daga nan na koyi taɓa ƙafa. Ƙafar da ta yi sanyi, ta koɗe, bugun jininta ya ɓace, tana da kimanin awa 6 kafin naman ya fara mutuwa, kuma ko bayan an dawo da jini, tsokar ƙwauri kan iya kumbura ta matse kanta har sai an tsaga fatar da ke lulluɓe da ita. Sinadarin da ake zubawa domin jijiya ta fito a hoto yakan raunana ƙoda, musamman ga mai ciwon suga, don haka ƙidayar fitsari ba aikin banza ba ne. Gudawa mai jini bayan gyaran babbar jijiya kuwa alama ce ta hanji ya rasa jini.

Abin da ya fi wuyar fahimtar da majinyata shi ne bibiya. Ga wanda aka gyara wa kumburin babbar jijiyar ciki, jini kan iya ci gaba da yoyo a gefen bututun da aka dasa a cikin jijiyar, kumburin ya ƙaru ba tare da wani ciwo ba, shi ya sa ake buƙatar hoto lokaci zuwa lokaci har ƙarshen rayuwa. A ganina, kamata ya yi a bayyana wannan sharaɗi tun kafin mutum ya sa hannu a takardar amincewa, domin wanda ya koma gida bayan kwana 2 yana tafiya da ƙafarsa ba kasafai yake yarda cewa akwai sauran aiki ba.